Amsa: Karayar ƙaninka da batun cire filasta

Ɗan'uwa, Allah ya ba ƙaninka lafiya. Ka ce ya karye a ƙwauri a hatsarin adaidaita sahu, mako 3 ke nan da sa masa filasta, kana tambaya ko a cire a kai shi wurin mai ɗori tunda har yanzu bai taka ba.

Kar a cire. A mako 3 ai ƙashin bai yi ƙwari ba tukuna. Idan ƙashi ya karye, jini ne ke fara taruwa ya daskare tsakanin ɓangarorin biyu, shi ya sa wurin ke kumbura yana zugi a kwanakin farko. Daga nan sai jiki ya gina guringuntsi mai laushi ya haɗe su, a hankali ya rikiɗe ya zama ƙashi. Nan ƙaninka yake yanzu, kuma ja ko murzawa da ƙarfi na iya wargaza abin da ya fara haɗuwa. Ƙwaurin babba yakan ɗauki wata 3 zuwa 4, wani lokacin ma fiye. Na yaro ya fi sauri.

Ku yawaita masa wake, ƙwai, kifi da nono. In yana shan taba ya ajiye, don tana rage jinin da ke isa wurin.

Amma in yatsunsa suka yi sanyi ko suka sauya launi, ko zugin ya ƙi jin magani, ko wari ya fara fitowa daga cikin filastar, kar ku jira ranar da likita ya ba ku. Ku wuce Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano, ko da tsakar dare ne.