Amsoshin Masu Kiwo: Ƙwan Fenti, Fakat da Rigakafin da Ya Mutu a Kanti

Hunturu ya kama, kuma kamar kullum wasiƙun masu kaji sun fi na kowa yawa. Ga waɗanda na zaɓa.

Wani matashi daga Kawo a nan Kaduna ya ce an tallata masa ƙwan Ayam Cemani a Facebook, baƙi wuluk, za a turo masa a mota daga Legas. Wai ya biya?

Kada ka biya, ɗana. Cemani kaza ce ta tsibirin Java a Indonesiya. Gashinta baƙi ne, haka fatarta da namanta, amma ƙwanta ba baƙi ba ne, fari ne mai ɗan duhu irin na kazar gidanku. Wanda ya nuna maka baƙin ƙwai, ko fenti ya shafa ko hoto ya gyara. Ko da ma na gaskiya ne, ƙwan da ya wuce kwana 7 zuwa 10 da sakawa ƙyanƙyasarsa raguwa take yi, balle wanda ya kwana yana girgiza a but.

Wata uwa daga Rigasa ta rubuto cewa da kajinta take biyan kuɗin Islamiyyar yara. Bara fakat, annobar nan ta kaji, ta kwashe mata kusan duka, alhali ta sayi rigakafi a kanti ta zuba musu a ruwa. Bana ta sake tara 18, kuma tun da sanyi ya shigo ba ta barci.

Sannu, 'yar uwa, Allah ya mayar da alheri. Ki daina zargin kanki, domin kin yi abin da da yawa ba sa yi. Zatona abin da aka sayar miki ya riga ya mutu kafin ya iso hannunki. Rigakafin fakat irin Lasota ƙwayar cuta ce mai rai da aka raunana, kuma dole ta zauna a sanyin digiri 2 zuwa 8 tun daga inda aka yi ta har zuwa akurkinki. To ki dubi yadda ake sayar da ita a wasu kantunan garin nan: firijin da ya yini babu wuta, janareta sai dare, wani ma a kan kanta zai ɗauko kwalbar ya ƙulla a leda ya miƙo, ki shiga Keke Napep da ita cikin rana. Kwalbar ba ta canja kama, shi ya sa ake cin kasuwar nan lafiya lau. Mafi muni su ne masu dama kwalba ɗaya su riƙa tsiyayar wa mutane a robar lemo, wai don sauƙi. Da zarar an dama rigakafi, awa 2 ne iyakarsa. Abin da aka dama jiya ruwa ne kawai.

Saboda haka ki je da kula mai ƙanƙara a ciki, ki ga an ciro kwalbar daga firiji mai sanyi da idonki, ki duba ranar lalacewa da lambar NAFDAC. Mai kantin da ya ɓata rai don kin tambaya, ki bar masa kayansa. Kada ki dama da ruwan famfo, kulorin da ke ciki na kashe ƙwayar. Ki samu ruwan rijiya mai tsabta ko na burtsatse, ki ɗan barbaɗa madarar gari. Ki hana kajin ruwa na awa ɗaya ko biyu da sassafe don su shanye da wuri.

Ga mai kaji 18 da ke yawo a tsakar gida, na fi son ki nemi wanda ake kira I-2, wanda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a Jihar Filato ke yi. Ya fi Lasota jure zafi, ko da yake shi ma ba a barinsa a rana. Ɗigo ɗaya ne a ido ga kowace kaza, babba da tsako, duk bayan wata 3 zuwa 4. Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin kajinki, sai ki haɗa kai da maƙwabta ku yi rana ɗaya, wanda ma ya fi, tunda kajinku tare suke kiwo. Yana ɗaukar kusan mako 2 kafin ya kama jiki, don haka watan Oktoba ya kamata a yi, amma idan naki suna lafiya ki yi gobe. Wadda ta fara koren zawo, ko gyangyaɗi, ko ta saki fukafukai, ko wuya ya murɗe, rigakafi ba zai tashe ta ba. Ki ware ta, wadda ta mutu ki binne ta da zurfi, kada a jefa a kwata.

Kuma don Allah jama'a, a bar kafson nan ja da yalo. Kowa da ya ga kaza ta yi laushi sai ya fasa mata shi a ruwa. Maganin bakteriya ne, fakat kuwa bairos ce, ba ya taɓa ta. Kuɗi ya tafi, maganin ya taru a ƙwai da nama, yara su ci. Barkono da ɓawon maɗaci ma ba sa hana fakat. Har mamaki nake ga mutum ya sayi zakaran ado da kuɗin buhun masara, sannan ya tsaya ciniki a kan rigakafin da bai kai kuɗin mudu biyu ba.

Wani Alhaji daga Unguwar Rimi yana da kajin ado irin Brahma da Silkie, yana son kai su baje kolin ƙasa da ƙasa na Kaduna da ke hanyar Zariya, ko ya samu masu saye.

Alhaji, ka fara tambayar masu shirya taron ko za a karɓi tsuntsaye masu rai. Idan an yarda, ka tabbata abin da ke hannunka na asali ne, don masu ido za su zo. Brahma na da gashi har yatsu da ƙaramin zanko mai layi uku a kwance. Mai dogon zanko a tsaye an gauraya ta. Silkie yatsu 5 gare ta, da baƙar fata. A yi musu rigakafi mako 2 zuwa 3 kafin ranar, ka tafi da mazubin ruwanka da na abinci, kada ka bari kowa ya riƙa cusa hannu a keji. Babbar maganar ita ce dawowa: duk wadda ta fita, ko wadda ka sayo a can, ta yi mako 3 a keɓe kafin ta haɗu da na gida. Ka tuna a nan Jihar Kaduna, a wata gona a Jaji, aka fara tabbatar da murar tsuntsaye ta H5N1 a Afirka, a Fabrairun 2006. Idan ka ji labarin ɓullarta a kusa, ka zauna da kajinka a gida. In kuma suna mutuwa da yawa farat ɗaya, zanko ya yi shuɗi, ka sanar da ofishin likitan dabbobi na gwamnati, kada ka yanka ka kai kasuwa.

Wani malamin makaranta daga Mando na tambaya: wanne zai kiwata, kajin Hausa ko na zamani irin Noiler da Shika Brown?

Malam, me kake nema? Idan ƙwai ne kuma za ka iya sayen abincin buhu, Shika Brown ta cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI da ke Shika. Idan nama ne na Sallah, Noiler. Idan dusa da ragowar tuwo gare ka, ka riƙe kajin Hausa da na Fulani: ƙwai 40 zuwa 60 a shekara, amma su suke kwanci su yi renon 'ya'yansu. Shazumama da marasa gashin wuya sun fi jure zafin bazara, kada ka yanka su duka don wani ya ce ba su da kyan gani.

Wata daga Tudun Wada ta haɗa ƙwan zabi da na kaza ta sa wa kaza rana ɗaya, sai ta tashi ta bar na zabin.

Ai dole. Na kaza kwana 21 ne, na zabi 26 zuwa 28. Ki fara sa na zabin, bayan mako ɗaya ki ƙara na kazar.