Wace ce matar da ta fito a matsayin Hyacinth?

Malam, ka tambaya ko matar da ta fito a matsayin Hyacinth a wasan barkwancin BBC mai suna Keeping Up Appearances ta yi wani aiki bayan wannan rawar. Sunanta Patricia Routledge, an haife ta a Birkenhead da ke Ingila a 1929, kuma lokacin da aka fara nuna wasan a 1990 ta riga ta shafe kusan shekara arba'in a kan dandamali.

Ta karanci Turanci a Jami'ar Liverpool, sannan ta koyi sana'ar wasan kwaikwayo a makarantar Bristol Old Vic. Mawaƙiya ce ta gaske, domin a 1968 ta samu lambar yabo ta Tony a Amurka, a 1988 kuma ta samu ta Olivier a Birtaniya saboda rawarta a wasan kwaikwayon waƙa mai suna Candide.

A ganina, wannan horon na waƙa shi ne sirrin Hyacinth. Ka saurari yadda take ɗaga wayar tarho tana jan murya tana sanar da sunan gidanta, tana dagewa cewa sunan mijinta Bucket, wato bokiti, a furta shi "Buke" kamar na Faransawa. Mai iya sarrafa numfashi ne kaɗai zai iya hakan ba tare da ya gundiri mai kallo ba. Ita da kanta ta ajiye rawar a 1995, wasan yana tsakiyar tashe, ta koma wasan Hetty Wainthropp, inda ta fito a matsayin dattijuwa mai binciken laifuka. A 2017 aka ba ta muƙamin Dame, wato laƙabin girmamawa da masarautar Birtaniya ke bai wa mata.