Hukuncin karatun baƙin rami da fassara aya da shi

Tambaya: Salamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ina digiri na biyu a fiziks, bincikena kan baƙin ramin samaniya ne (wurin da ko haske ba ya iya kuɓuce wa ƙarfin jansa) da tauraron niyutiron, to yayana ya ce ilmin taurari ne kuma sihiri ne, sannan a guruf ɗinmu na WhatsApp ana ta tura cewa "alkhunnas aljawaril kunnas" da ke cikin Alƙur'ani baƙin rami ake nufi. Me ye gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana. Karatunka halal ne, ci gaba da abinka. Yayanka hadisin Ibn Abbas yake nufi wanda Abu Dawuda ya ruwaito, cewa wanda ya ɗebo ilmi daga taurari ya ɗebo yanki na sihiri, hadisin gaskiya ne amma malamai sun raba abin biyu, akwai ilmin ta'asiri wato duban tauraro a ce wane zai yi arziki ko auren wance ba zai yi ƙarko ba, wannan shi ne haram, akwai kuma ilmin tasyiri na sanin tafiyarsu da yanayinsu, da shi muke gane alƙibla da lokutan salla. Naka nan ya faɗa. Mutumin da ya zauna yana lissafin yadda tauraron niyutiron mai faɗin kusan kilomita 20 kacal ya fi rana nauyi, wane gaibu ya yi da'awa? Allah ma cewa ya yi a Suratu Yunus aya ta 101 ku duba abin da ke sammai da ƙasa.

Maganar ayar ce ta fi damuna wallahi. Khunnas ɗin Suratut Takwir, an ruwaito daga Sayyidina Aliyu cewa taurari ne masu ɓuya da rana su fito da dare, Ibn Mas'ud kuma ya ce shanun daji ne. Baƙin rami dai akwai shi, a 2015 na'urar LIGO a Amurka ta kama girgizar haɗuwar guda biyu, a 2019 aka fitar da hoton wanda ke tsakiyar tarin taurarin da ake kira M87, ba mu musun wannan. Amma ka buga ƙirji ka ce shi Allah yake nufi, wannan faɗar magana ce a kan Allah ba da ilmi ba, kuma ku da kanku kun san abin da ke can cikin ramin har yau lissafinku bai kai gare shi ba, in gobe bayani ya canja yaron da ya rataya imaninsa a kan saƙon WhatsApp ɗin nan ina zai kama?

In ka ce halittar nan tana tuna min girman Allah, madalla, ka samu lada. Ka ce ita ce tafsirin ayar yanke, kar ka yi, kar kuma ka tura wa wani. Ka je ka zauna da yayanka cikin ladabi ka nuna masa lissafin da kake yi a takarda, ka gaishe min da shi.

Wallahu a'alamu.