Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Tab Ke Ƙara Nauyi a Hannu?

Wasiƙun wannan karo sun taru ne a kan kwamfutar hannu mai kama da allo, wadda aka fi sani da tab, musamman nauyinta da ciwon da take bari a jiki. Mun taƙaita wasu daga cikin tambayoyin saboda ƙarancin fili.

Assalamu alaikum. Na sayi tab mai inci 11, a jikin kwalinta an rubuta giram 480. Amma ko kwata ban yi ina karatu da ita ba wuyan hannuna ya fara ciwo. Anya ba ƙarya suka rubuta ba?
*Daga wata malamar makaranta, Zariya*

Wa alaikumus salam, Malama. Ba a cuce ki ba. Giram 480 bai ma kai nauyin ledar ruwa ɗaya ta fiya-wata ba, domin ita giram 500 ce. Bambancin shi ne ledar ruwa a tsakiyar tafin hannu take zama, ita kuwa tab a gefe ake kama ta, sauran jikinta na rataye a iska.

Abin da wuyan hannu ke fama da shi ba nauyin kaɗai ba ne, nauyin ne a ninka shi da nisan tsakiyar abin daga inda aka riƙe. Mu ɗauki iPad ta 10, tab ɗin kamfanin Apple, wadda ta fito a 2022. Nauyinta giram 477, tsawonta kusan santimita 25, faɗinta 18. In kin riƙe ta a tsaye da hannu ɗaya, tsakiyarta na nesa da bakin da kika kama da santimita 9. In kin kwantar da ita don kallon bidiyo, nisan ya koma kusan 12 da rabi. Ko giram ɗaya bai ƙaru ba, amma ƙarfin da ke murɗa wuyan hannunki ya ƙaru da kusan kashi 40 cikin 100. Yanzu ki kwatanta da iPad mini ta 2021, mai giram 293 da faɗin santimita 13 da rabi. A sikeli ta haura rabin nauyin babbar, amma in aka yi wannan lissafi, murɗawar da take yi wa hannu ba ta kai rabi ba. Wannan ne ya sa mutum zai ɗauki tab biyu da bambancinsu a takarda bai taka kara ya karya ba, ya ji ɗaya kamar ba komai, ɗaya kuma ta dame shi.

Sai batun lokaci. Tsokar da ke motsi tana matsewa tana sakewa, jini na shiga yana fita. Wadda aka ƙame a wuri ɗaya kuwa tana danne ƙananan hanyoyin jinin da ke cikinta, sai ta gaji da wuri ko da kayan ba su da nauyi. Shi ya sa wadda za ta iya ɗauko jaka mai kilo 5 daga kasuwa har gida sai rabin kilo ya gagare ta a zaune.

Kamfanoni ma sun ƙara wa abin wahala. Tsofaffin tab suna da baƙin gefe mai faɗi inda babban yatsa zai kwanta. Sababbi an rage gefen don allo ya cika fuska, saboda haka sai mutum ya ɗanƙe bakin da kan yatsu don kada ya taɓa rubutu. Riƙo da kan yatsu ba shi da ƙarfin riƙo da tafin hannu gaba ɗaya, kuma in bayan tab ɗin na ƙarfe ne mai santsi, ga gumi, sai a ƙara matsewa ba tare da an lura ba.

Gyaran ba tsada. Ki bar ƙasan tab ɗin ya zauna a kan wani abu, tebur ko matashin da kika ɗora a cinya, hannunki ya zama mai tokarewa kawai. In dole sai kin ɗaga, ki riƙe ta a tsaye, ki shimfiɗa yatsu huɗu a bayanta su doshi tsakiya, gwiwar hannu manne da haƙarƙari. Ki riƙa sauya hannu tun kafin ciwon ya zo.

Shekaruna sun haura sittin. Ina son tab don karatun Alƙur'ani da littattafan addini, galibi bayan sallar asuba da kuma dare a kishingiɗe. Wane girma ya dace da ni?
*Daga wani dattijo, Maraɗi*

Allah ya ƙara lafiya, Baba. Ga yadda nauyin yake tafiya da girma. Wayar hannu ta yau tana tsakanin giram 170 da 240. Tab mai inci 8 zuwa 9 tana wajen 300: Galaxy Tab A9 mai inci 8.7 giram 332 ce. Masu inci 10 zuwa 11 suna tsakanin 440 da 520. Daga inci 12 zuwa sama an shiga wani aji, domin iPad Pro mai inci 12.9 ta 2022 giram 682 ce, Galaxy Tab S9 Ultra mai inci 14.6 kuma 732. Waɗannan na tebur ne, ko mai talla ya ce me.

In karatun kishingiɗe ya fi yawa, mai inci 8 zuwa 9 ta fi. Manhajojin Alƙur'ani suna nuna shafi ɗaya cif a wannan girma, kuma ana iya ƙara girman rubutu. Inda za a samu cikas shi ne littattafan Larabci da aka ɗauki hoton shafukansu, masu sharhi da ƙananan rubutu a gefe da ƙasa. Irin waɗannan ba a iya sake tsara rubutunsu, sai dai a yi ta buɗa shafi da yatsu ana ja hagu da dama. In su ne mafi yawan karatunku, ku ɗauki mai inci 11, amma ku nema mata mazauni. Katakon nan mai harɗe da ake ɗora Alƙur'ani a kai yana riƙe tab daram, sai dai in a ƙasa za a ajiye shi, a ɗora shi kan ƙaramar kujera don kada a yi ta sunkuyo.

Akwai na'urorin karatu zalla irin Kindle, waɗanda ba su da nauyi ko kaɗan (Kindle Paperwhite ta 2021 giram 205 ce), amma allonsu ƙarami ne kuma suna jan ƙafa wajen juya shafin hoto. Ba mu ba ku shawarar su don irin wannan karatu.

Abu ɗaya kuma: kada a riƙe tab a saman fuska ana kwance rigingine. Barci na fizgar mutum hannu ke saki, kuma bakin ƙarfe mai rabin kilo a kan hanci ko haƙori ba wasa ba ne.

Ni ɗalibi ne. Na bar laftof na koma tab don jakata ta yi sauƙi, na sa mata riga da gilashin kariya da kibod. Yanzu ji nake kamar ban rage komai ba.
*Daga wani ɗalibi, Kano*

Wataƙila ba ka rage ba ɗin. Lambar da ke jikin kwali ta tab ce tsirara. Gilashin kariya mai kaurin milimita 0.33 a kan allo mai inci 11 yana ƙara wajen giram 35 zuwa 40. Riga mai murfi tana iya ƙara 150 zuwa 250, mai kaurin roba ta hana fashewa kuma ta fi haka. Kibod shi ne uban tafiya, kuma da gangan ake yi masa nauyi: kayan cikin tab duk suna bayan allo ne, don haka in gindin bai yi nauyi ba, da ka taɓa allon za ta kifa ta baya. A laftof kuwa batir da sauran kaya suna ƙarƙashin madannai, allon ne mara nauyi. Lokacin da Apple ya fitar da kibod ɗinsa mai suna Magic Keyboard a 2020, na iPad Pro mai inci 12.9 ya kai wajen giram 700 shi kaɗai, har haɗin biyun ya ɗara laftof ɗin Apple, MacBook Air na lokacin, mai kilo 1.29.

In rubutu mai yawa kake yi kullum, ƙaramin laftof ya fi maka. In kuwa karatu da rubutun alƙalami sun fi yawa, ka cire rigar kibod, ka sa siririyar riga, ka sayi kibod na bulutut daban wanda za ka bari a ɗaki. Kafin ka biya kuɗin kowace riga, ka sa tab ɗin a ciki a nan shagon, ka riƙe da hannu ɗaya na minti biyu ko uku. Ɗagawa ɗaya a ajiye ba ta nuna komai.

Shin tab tana ƙara nauyi in an cika ta da hotuna da finafinai? Tawa ta tsufa, ina jin ta fi da nauyi, bayanta ma ya ɗan taso.
*Daga wani mai karatu, Gusau*

Hotuna da finafinai ba sa ƙara nauyin da sikeli ko hannu zai gane. Amma rabin tambayarka na biyu ya fi na farko muhimmanci: bayan da ya taso, ko allon da ya fara ɗagowa daga gefe, alamar batir ya kumbura ne. Iskar gas ce ta taru a cikinsa saboda tsufa ko zafi. Nauyi bai ƙaru ba, siffar ce ta sauya har riƙon ya zama daban. Ka daina caji yau ɗin nan. Kada ka danna wurin don ya koma, kada ka huda, kada ka bar ta kan katifa ko cikin mota. Ka kai wa mai gyara ya sauya batir, domin batirin lithiyum da ya kumbura yana iya kama wuta. Apple ya ce a yi amfani da iPad a zafin da bai wuce digiri 35 ba, ga shi kuwa a Afrilu garuruwanmu na haura 40, don haka caji a cikin riga mai kauri da tsakar rana yana gaggauta wannan lalacewa.

Tun da an taɓo batir: shi da gilashi da gangar jiki su ne suka kwashe yawancin nauyin tab. iPad ta farko a 2010 giram 680 ce, ta biyu ta sauko 601, ta uku a 2012 ta koma 652 saboda sabon allonta ya buƙaci batir mai girma sosai. Don haka in ka ga tab mai arha, mai babban allo, ba nauyi, kuma an rubuta mata batir mai lamba ta ban mamaki, ka yi shakkar lambar.

Aikina tattara bayanai ne gida-gida da tab, a tsaye nake yini. Da yamma ƙaramin yatsana da na kusa da shi suna mutuwa, ga ciwon dokin wuya.
*Daga wata ma'aikaciyar lafiya, Bauci*

Sannu da ƙoƙari, 'yar'uwa. Matsala biyu ce. Waɗannan yatsu biyu jijiya ɗaya ke kai musu saƙo, wadda ta bi ta bayan gwiwar hannu, daidai wurin da in ya bugu mutum ke jin kamar lantarki ya ja shi. In gwiwar ta daɗe a lanƙwashe, kamar yadda ake rungume tab a ƙirji, jijiyar tana miƙewa tana matsuwa. Da babban yatsa da manuni da na tsakiya ne ke mutuwa, da sai mu ce a wuyan hannu matsalar take.

Na wuyan kuwa ba nauyin tab ba ne, nauyin kanki ne. Kan babban mutum yana da kilo 4 da rabi zuwa 5 da rabi. Wani likitan ƙashin baya a Amurka, Kenneth Hansraj, ya wallafa lissafi a 2014 da ya nuna cewa in an sunkuyar da kai digiri 30, abin da wuya ke ɗauka ya kai wajen kilo 18, a digiri 60 kuma wajen 27. Lissafin kwamfuta ne, amma ya dace da abin da masu bincike na Jami'ar Harvard suka gani a 2012, cewa masu ɗora tab a cinya sun fi sunkuyar da wuya, kuma an fi samun sauƙi in an jingina ta a tsaye kan tebur. A nan ne tab ke da wuyar sha'ani: in an ɗaga ta don wuya ya huta, kafaɗa ta ɗauki aikin, in an sauke ta don kafaɗa, wuya ya biya.

Ki nemi riga mai maɗauri a tsakiyar baya, wanda ake zura tafin hannu a ciki, zai fi kyau mai juyawa. Yana kawo tsakiyar nauyin kan tafin hannu, yatsu su daina ɗanƙa. Ki haɗa da igiyar ratayawa ta kafaɗa, a saƙale ta gicciye ba a wuya ba, don ki saki tab ɗin ki miƙe hannu tsakanin gida da gida. Duk inda aka ba ki wurin zama, ki zauna, ki ɗora jakarki a cinya, tab a kan jakar. In mutuwar yatsun ta fara tashinki daga barci, ko ta wuce mako biyu duk da waɗannan gyare-gyare, ko abu ya fara suɓuce miki, ki ga likita, domin jijiyar da ta daɗe a matse ba ta saurin dawowa.

Na ga tab iri ɗaya a shagunan intanet biyu, ɗaya ya rubuta giram 900, ɗaya ya rubuta 1.06. Wanne ne gaskiya?
*Daga wani ɗan kasuwa, Kumasi*

Mai yiwuwa duka biyun. Na farko ya auna ne har da kwali da caja da takardu, wato nauyin da za a biya wa kuɗin aikowa. Na biyu da ma'aunin Amurka ya rubuta, inda fam ɗaya yake giram 454, don haka 1.06 ya kama giram 481. Ka duba shafin kamfanin da ya ƙera ta, ka nemi lambar samfurin daidai, domin mai ɗaukar layin waya takan ɗara mara layi da 'yan giram kaɗan. In kayan sun iso, ka cire ta daga kwali ka ɗora a kan sikelin dijital. In ta bambanta da abin da kamfani ya rubuta da giram 30 ko fiye, ka binciki lambar da ke cikin saitinta kafin ka sayar wa kowa.