Tutar Ghana a Hannun 'Yan Zango

Ɗana, ka tambaye ni yadda aka yi Bahaushe jikan Kanawa yake ɗaura tutar Ghana a babur ɗinsa ranar 6 ga Maris, ranar 'yancin kai, har da wanda jam'iyyarsa ta sha kaye a zaɓe. Ka ce ko tsoro ne, ko neman gindin zama a ƙasar mutane. Ba ko ɗaya, kuma kalmar nan "ƙasar mutane" ita ce ba za mu yarda da ita ba.

Kakanninmu fataken goro ne, sun bi hanyar Gwanja suka yi ciniki a Salaga, a arewacin Ghana. Da yaƙin basasar 1892 ya kashe kasuwar, da yawa suka gangaro Kumasi da Akra suka kafa zanguna. Lokacin da Nkrumah ya yi shelar 'yancin kai a 1957, iyayenmu an haife su a nan, wasu ma sun aurar da 'ya'ya.

Kada ka ɗauka 'yan siyasa sun yi mana gata. A shekarar 'yancin kan kanta gwamnatin Nkrumah ta kori Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Larden, manyan zangon Kumasi, ta tura su Najeriya don sun goyi bayan 'yan adawa. A 1969 kuma gwamnatin Busia ta fito da dokar korar baƙi, ta ba duk wanda ba shi da takardar zama mako biyu ya tattara. Tsofaffinmu har gobe in an taɓo zancen sai muryarsu ta canja: an sayar da gidaje a wulaƙance, an loda mata da yara a manyan motoci, har da waɗanda ba su taɓa taka Najeriya ba. Tabon nan na cikin abin da ya sa zanguna da yawa, irin su Asawase a nan Kumasi, suke bin lema, wato jam'iyyar NDC, don ana ganin abokiyar hamayyarta NPP ita ta gaji Busia. Amma 'yan giwa, NPP, za su tuna maka cewa su suka fara ba Musulmi kujerar mataimakin shugaban ƙasa, Alhaji Aliu Mahama a 2001, su kuma suka kafa ma'aikatar raya zanguna a 2017. Wannan gardamar ba ta ƙarewa a wurin mai koko da ƙosai. Za ka ga wa da ƙane suna tayar da jijiyar wuya kamar za su doku, a kira salla su tsaya sahu ɗaya.

To me ya haɗa su? Sun san yadda ƙasar take kafin tsarin mulkin 1992. A 1979 sojoji suka rushe kasuwar Makola ta Akra, suna yi wa mata 'yan kasuwa bulala a bainar jama'a kan farashin kaya. Wanda ya ga wannan da idonsa ba ya raina abin da ke hannunsa yau. Mulki ya tashi daga wata jam'iyya ya koma wata a 2001 da 2009 da 2017 da 2025, duk ta akwatin zaɓe. A 2008 tazarar kusan ƙuri'a 40,000 ce kacal, Akufo-Addo na NPP ya haƙura. A 2024 Bawumia, ɗan takarar NPP, ya amsa kaye washegarin zaɓe tun hukumar zaɓe ba ta faɗi sakamako ba. Ni ban zaɓe shi ba, amma ranar na ji ya ƙara daraja a idona, kuma na faɗa a gaban 'yan jam'iyyata.

Akwai kuma bakin magana. Mai shayi zai buga waya gidan rediyo da Hausarsa ya caccaki shugaban ƙasa, ya koma ya kwanta a ɗakinsa ba mai ƙwanƙwasa masa ƙofa da dare. Musulmi ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar ba, amma tun zamanin Rawlings ana hutun Ƙaramar Salla da Babba. Babban limamin ƙasa, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, ya shiga cocin Katolika a Akra a 2019 ya gaida su lokacin bikin Ista, Kiristoci suka karɓe shi hannu bibbiyu.

Abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya bai ƙare ba. Yaronmu zai je neman fasfo, da an ji sunansa Garba ko Ɗanladi sai a fara tambayar daga ina kakansa ya zo, a ce ya kawo wata takarda, ya kawo a ce da sauran wata. Ɗan ƙanwata ya yi watanni yana wannan zirga-zirga, alhali shi da ubansa duk a Aboabo, nan Kumasi, aka yanke musu cibi. Irin wannan muna kai shi gaban Sarkin Zango da ɗan majalisarmu, mu kai shi rediyo, kuma duk ɗan takarar da ya shigo zango neman ƙuri'a, na lema ne ko na giwa, sai ya amsa mana a kansa kafin a bar shi ya hau mota.