Inna ba ta barci tun rasuwar Baba: rubutu ko likita?

Ƴar'uwa, kin ce kina Tawa, Inna ta fita takaba amma har yau barci ya ƙaurace mata, ga hawan jini, kuma dangi na cewa a ajiye ƙwayoyin likita a koma ga rubutu. Allah ya jiƙan Baba, ya ba ku haƙuri.

Don Allah kada a ajiye maganin. Hawan jini ba ya sallama. Mutum na jin garau alhali awon jininsa ya haura 14/9 (wato 140/90, inda hawan jini ke farawa), sai a wayi gari da shanyewar ɓarin jiki. A rage mata gishiri da dunƙulen Maggi, a riƙa yin awo a kai a kai.

Addu'a kuwa ba ta karo da wannan. Manzon Allah (SAW) kan karanta Ƙulhuwa da Falaƙi da Nasi in zai kwanta, ya tofa a tafin hannunsa ya shafe jikinsa, sau 3. Ki zauna bakin shimfiɗarta ku yi tare, don ina ganin kaɗaici ne ya fi cin ta. Wata 4 da kwana 10 tana cikin gida, masu gaisuwa sun watse, ɗakin ya yi shiru. Ki bar ta ta ambaci Baba, ta yi kukanta, kada ki yi saurin ce mata "ki yi haƙuri". Nana A'isha ma kan sa a dama wa masu makoki talbina, kunun sha'ir, don sanyaya zuciya. Ki dama mata na gero da hannunki, ku sha tare.

In ta fara ƙin abinci ko tana cewa rayuwa ta ishe ta, ki sanar da likitanta ranar nan.