Kwanon manifol yana ƙara: in cire shi in huta?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da Camry ƙirar 2007 mai inji 2.4. Kwanon da ya rufe manifol ɗin salansa ya saki, yana ta ƙara kamar an ɗaura wa mota gwangwani, musamman idan na tsaya a danja ko zan tashi. Makanikena ya ce ba shi da wani amfani, a kwance a jefar, ai motoci da yawa na yawo babu shi. In yarda?
Mai karatu daga Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka yarda a jefar da shi. Ɗaure shi za a yi, aikin da sau da yawa ba ya cin rabin awa.

Makanikenka bai yi ƙarya ba da ya ce mota za ta yi tafiya babu kwanon. Za ta tashi, za ta yi gudu, babu fitilar da za ta kama a ranar. Ɓarnar a hankali take zuwa, bayan watanni, lokacin da an manta ma an taɓa cire wani abu.

Manifol shi ne ƙarfen farko da hayaƙi ke bi idan ya fito daga silinda. Idan mota na tsaye tana silo, zafinsa yana wajen digiri 300 a ma'aunin Salshiyas. Idan ka ɗauki kaya kana hawa tudu, ko ka daɗe kana gudu a babban titi, yakan wuce 600, har ka ga ya yi ja idan ka buɗe bonet cikin duhu. Ƙarfe mai irin wannan zafi ba sai ya taɓa abu yake gasa shi ba, kamar dai yadda garwashi ke gasa tsire daga nesa. Kuma wannan hucin ba daidai da hawan digiri yake ƙaruwa ba: daga 300 zuwa 600, abin da ƙarfen ke fesowa yakan ninka sama da sau biyar. Kwanon, da iskar da ke tsakaninsa da manifol, su ke tare wannan hucin.

To, dubi abin da ke zagaye da shi a motarka. A wannan injin manifol ɗin a gaba yake, yana fuskantar lagireto, kuma katalis, wato tukunyar da ke rage gubar hayaƙi, a jikinsa yake. Kusa da shi akwai fankokin lagireto da gidansu na roba, da tiyon ruwa, da altaneta, da wayar sensar salansa. Robar da ke lulluɓe da yawancin wayoyin mota an yi ta ne don zafin da bai wuce digiri 105 zuwa 125 ba. Idan ta daɗe tana shan huci sai ta bushe ta yi tauri, ka taɓa ta ta farfashe a hannunka kamar busasshen ganye. Daga nan sai wayoyi su haɗu, fis ya riƙa ƙonewa, ko fitilar inji ta kama. Tiyo kuma ya tsage daga ɓangaren da ke fuskantar manifol. Altaneta ma zafi ne babban abin da ke rage masa kwana. Lokacin da abin ya fi tsanani shi ne a cunkoso cikin watan Afrilu, iska ba ta shiga, da kuma mintunan farko bayan ka kashe mota, fanka ta tsaya, manifol kuwa yana nan da zafinsa.

Abin da ya fi damun mu shi ne gobara. Tsohuwar mota ba ta rasa yoyon baƙin mai daga gasket ɗin murfin inji, wanda ke saman manifol ɗin kai tsaye. Baƙin mai na iya kamawa idan ya zuba a kan ƙarfen da ya haura digiri 350 zuwa 400. Kwanon bai kai wannan zafin ba, don haka ɗigon da ya faɗa kansa hayaƙi kawai zai yi, ka ji ƙauri ka je a gyara.

Kafin a taɓa komai, a tabbatar kwanon ne ke ƙarar. Bari inji ya huce sarai, aƙalla awa biyu. Ƙwanƙwasa kwanon da bayan sukundireba, inda ya saki zai amsa. Idan ƙarar daga cikin katalis take fitowa, kamar tsakuwa a gwangwani, to cikinsa ne ya farfashe, wannan wani aikin ne daban. Idan kuma "tik-tik" kake ji da safe, ya ɓace idan inji ya ɗau zafi, ga baƙin hayaƙi ya yi tabo a gefen kwanon, to manifol ne ya tsage ko gasket ɗinsa ya ƙone.

Yawanci abin da ke faruwa shi ne tsatsa da girgiza sun cinye bakin ramin da kusa ke shiga, ramin ya fi kan kusar faɗi. Kusoshin ƙanana ne. A fesa musu WD-40, man feshi mai sassauta tsatsa, a bar su su jiƙa, in da hali tun daren jiya. A yi amfani da soket mai kusurwa shida, a juya kaɗan a dawo kaɗan, domin waɗannan kusoshin sun sha wuta, da an matsa musu sai su karye. A sa washa mai faɗin milimita 25 zuwa 30 ta danne kwanon, a shafa wa zaren kusar giris mai jan ƙarfe wanda ke jure zafi, a ɗaure da hannu ɗaya.  Idan kwanon ya fara tsagewa, a huda ƙaramin rami na milimita 3 a ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba. Kusar da ta karye a ciki, mai walda zai liƙa mata noti a kwance ta, amma a cire kan batir tukuna.

In ya ruɓe ya wuce gyara, a nemi na tsohuwar mota irin taka a kasuwar kayan gyara, kamar Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano. Kada a yanka kwanon rufi a maye gurbinsa: sinadarin zinc da aka lulluɓe shi da shi yana narkewa a digiri 420, hayaƙinsa kuma yana cutar da mai shaƙa. Kada kuma a danne kwanon ya manne da manifol, a bar tazarar da kamfani ya bari. Ƙyallen nan da wasu ke naɗe manifol da shi ba ma ba da shawararsa a motar hawa ta yau da kullum, yana riƙe danshi, yana tsotse mai, yana kuma sa ƙarfen tsagewa.

TAMBAYA: Wanda ke ƙarƙashin mota fa, saman bututun salansa? Nawa ya faɗi a hanya.
Mai karatu daga Maraɗi

AMSA: Ya danganta da wanne ne. Wanda ke tsakanin salansa da tankin mai, ko kusa da bututun mai da na birki, a mayar da shi kafin a yi doguwar tafiya. Man birki DOT 3 da ya tsufa ya sha danshi yana iya tafasa a digiri 140, birki ya nutse ƙasa. Wanda ke ƙarƙashin katalis kuwa shi ke hana shi kunna busasshiyar ciyawa, don haka kafin ka gyara, kada ka ajiye mota a kan ciyawa ko kara lokacin rani. Idan kunnuwansa sun ruɓe, a haɗa shi da bututun a zagaye su da babban kilif na ƙarfe marar tsatsa, irin na tiyo, guda biyu, ɗaya a kowane baki. Igiyar roba ko tsumma ba sa zuwa wurin nan ko na kwana ɗaya.